Yada Zangon Su a Bakin Kwara Lokacin da Kogi Ya Kawo

A ƙasar Yawuri da kewayen tafkin Kainji, da ma tsawon kogin Kwara tun daga iyakar Jamhuriyar Nijar har zuwa Lakwaja, akwai ɗimbin ƙauyuka da sunansu ya fara da kalmar tunga, kuma da yawa daga cikinsu sun samo asali ne daga zangon wucin gadi da masunta suka yada domin su yi 'yan makonni suna su, daga baya zama ya miƙe har bukkoki suka koma gidaje. Wannan al'ada ta barin gida a je a kafa bukka a bakin ruwa tana nan da ranta a wurin Sarkawa da Kabawa da Gungawa da Nufawa, akan kuma sami mutanen birni da ke haɗa kai su ɗauki fatsa da tamfol su je su kwana biyu a gaɓar kogi domin hutu. Da rani, lokacin da ruwa ya janye ya bar yashi fili fetal, shirin irin wannan tafiya bai wuce tanadin guzuri da koto ba. Amma idan kogi ya kawo, wato ya cika har ya fara haurawa fadamu, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ko ruwan yana ƙaruwa ne ko yana ja, domin wurin kwana da hanyar jirgi da irin kifin da za a samu duk sun rataya a kan amsarta.

Hausawa kan ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, sai dai wannan magana ba ta yi wa mai kwana a bakin Kwara daidai ba, saboda ruwan da zai shigo masa bukka cikin dare sau da yawa ya sauka ne a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Kogin yana da tsawon kimanin kilomita 4,180, ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya gogi iyakar Benin kafin ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi, kuma saboda wannan doguwar hanya yakan cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Cikar farko ita ake kira farin ruwa, tana zuwa tsakanin Agusta da Oktoba, kuma ruwan daminar kusa ne ke haddasa ta, wanda gulbin Sakkwato da na Rima da ƙoramun da ke gangarowa daga Burkina Faso da Benin suke zubawa cikin kogi ɗauke da laka mai yawa, lakar da ke sa ruwan ya yi fari kamar an dama gari a ciki. Cika ta biyu ita ce baƙin ruwa, wato ruwan da ya sauka a Gini tun cikin damina, ya malale a cikin manyan fadamun Mali tsakanin Mopti da Tambutu, inda wani kaso mai yawa nasa yake tafiya a tururi kuma lakarsa take kwantawa, sa'an nan ya ci gaba da tafiya a hankali har ya iso Yamai da Yawuri tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama kuma babu ko ɗigon ruwa a sama. Da yake ya tace kansa a hanya, yakan iso garau, kuma ruwa mai zurfi idan ya yi garau duhu yake yi wa ido, daga nan sunan ya fito.

Halin waɗannan cika biyu ya bambanta ƙwarai. Baƙin ruwa yana hawa ne sannu a hankali cikin makonni, ana iya lissafa zuwansa tun daga ma'aunan da ke Mali da Nijar, alhali farin ruwa yana tafe ne da tsalle, hadari ɗaya mai ƙarfi a saman wata ƙorama yana iya ɗaga kogi cikin sa'o'i kaɗan. A Satumban 2020 ma'aunin Yamai ya kai kusan mita 7, tsayin da ba a taɓa rubutawa ba a can kafin wannan shekarar, har ruwa ya fasa shingen da aka gina ya shiga unguwanni. A Lakwaja, inda Binuwai ke haɗuwa da Kwara, ma'auni ya kai mita 12.84 a ƙarshen Satumban 2012, shekarar da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu da kuma fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu, sa'an nan ambaliyar 2022 ta zo ta ci rayuka fiye da 600. Duk waɗannan sun faru ne a lokacin farin ruwa.

A kan wannan tsari na halitta kuma sai aka ɗora na ɗan Adam, wato madatsun ruwa. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta haifar da tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,300, ta shanye tsohon garin Busa, kusa da duwatsun da Mungo Park ya halaka a 1806, kuma tsayin ruwan tafkin yana hawa da sauka da kusan mita 10 a shekara. A ƙasanta akwai ta Jebba, a kan kogin Kaduna akwai ta Shiroro, a saman Rima akwai ta Goronyo, a kan Binuwai kuma cikin Kamaru, kusa da Garwa, akwai ta Lagdo da aka gama a 1982. Mai yada zango a ƙasan ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙarƙashin hukunci biyu ne, na sama da na masu kula da ƙofofin madatsa, domin idan tafki ya cika dole ne a saki ruwa don kada gini ya samu matsala, kuma ko a ranar da ba a buɗe ƙofofin malala ba, yawan injinan lantarkin da ke aiki yana sa kogi ya ɗaga ko ya sauka. A nan ya kamata a gyara wata fahimta da ta yaɗu, ta ɗora wa Lagdo alhakin kowace ambaliya a Binuwai: sakin ruwanta yana da tasiri ba shakka, amma Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk suna zuba wa Binuwai ruwa ne a cikin Nijeriya, a ƙasan madatsar, saboda haka rashin jin sanarwa daga Kamaru ba shaida ba ce ta cewa kogi zai zauna lafiya.

Hanyoyin samun labari tun kafin a bar gida suna nan. Hukumar kula da ma'aunan ruwa ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya na shekara kafin damina ta kankama, inda take lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana ba da hasashen kwanaki masu zuwa, hukumar raya kogin Kwara ta ƙasashe tara da ke da hedkwata a Yamai kuma tana bin diddigin tafiyar ruwan daga Gini. Amfanin waɗannan shi ne su nuna makon da bai dace a fita ba, amma ba za su faɗi ko wani tsibiri da ke gaban Yawuri zai nutse daren Laraba ba. Wannan sani yana wurin Sarkin Ruwa na yankin da masu jiragen fito da ke ƙetare wurin kullum, kuma neman izininsu da shawararsu, ban da kasancewarsa ladabin da baƙo ke yi wa mai gari, shi ne kuma hanyar da za a san akwai mutane a wuri kaza idan ranar komowa ta wuce ba a gan su ba.

Idan an isa, ma'auni mafi aminci shi ne mafi araha. Ana samun sanda miƙaƙƙiya a kafa ta daidai bakin ruwa tun kafin a sauke kaya, a yi mata tsaga a inda ruwa ya tsaya, a riƙa duba ta bayan kowace sa'a har lokacin kwanciya, kuma a sa wani ya duba ta da tocila cikin dare. Ruwan da ya hau da faɗin yatsa biyu cikin sa'a guda zai iya hawa da kusan rabin mita kafin gari ya waye, kuma a fadama mai shimfiɗe rabin mita na tsaye yana nufin taku masu yawa na kwance. Akwai kuma alamun da kogi ke nunawa da kansa: idan kumfa da kara da rassan itace suka yawaita a tsakiyar ruwa, ko launinsa ya sauya farat ɗaya zuwa ja, to wata ƙorama ta fashe a sama kuma ƙari na nan tafe, idan kuwa aka ga danshi da sabuwar laka a gaɓa sama da bakin ruwa, to ya fara ja. Busasshiyar ciyawar da ke rataye a rassan bishiyoyi da zanen laka a jikin kututture suna nuna inda ruwan bara ya kai, kuma bukkar da aka kafa ƙasa da wannan zane an kafa ta ne a cikin gadon kogi ko da ƙasar a bushe take a ranar.

Zaɓen wurin kwana yana buƙatar a fahimci yadda kogi ke aiki a kwana, wato inda ya lanƙwasa. A gefen waje na lanƙwasa ruwa ya fi gudu, yana cin gaɓa daga ƙasa yana barin ta a tsaye kamar bango, kuma irin wannan gaɓa mai tsayi takan ruɗi baƙo ya ɗauka ya sami tudu, alhali ƙarƙashinta a rarake yake, tana iya zabtarewa da bishiyar da ke kanta gaba ɗaya, musamman a kwanakin da ruwa ya fara ja ya bar ƙasar jiƙe ba abin da ke tokare ta. A gefen ciki kuwa ruwa yana tafiya a hankali yana ajiye yashi, wurin yana da daɗin shimfiɗa tabarma da ɗaure jirgi, amma shi ne farkon abin da ƙarin ruwa ke rufewa. Tsibirin yashi ya fi duka yaudara, domin mai zaune a kansa yakan zuba ido ga babban kogin da ke gabansa, ya manta da busasshen kwarin da ya tako a baya, wanda shi ne ke fara cika ya yanke hanyar komawa. Saboda haka wurin da ya dace shi ne tudu mai ƙasa mai tauri, sama da alamar ruwan bara, nesa da bakin gaɓa da taku masu yawa, wanda ke da hanyar fita da ƙafa zuwa inda ya fi shi tsayi ba tare da an ƙetare wani kwari ba. Sai dai a tuna cewa tudun da mutum ya zaɓa shi ne macizai da kunamu da tururuwa suka zaɓa tun kafin ya iso, domin ruwa ya kore su daga ramukansu, don haka share wuri, da ɗaga shimfiɗa daga ƙasa, da kakkaɓe takalmi da safe, suna cikin aikin zango a wannan lokaci.

Dalilin da ya sa ruwan cika ke kayar da wanda ya iya iyo sosai lissafi ne mai sauƙi. Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya nauyinsa tan guda ne, kuma ƙarfin turin ruwa yana ƙaruwa ne ninkin-ba-ninkin da saurinsa, ta yadda idan gudunsa ya ninka sau biyu turin da yake yi wa ƙafa ko cikin jirgi yakan ninka sau huɗu. Wannan ya sa mashigin da ake takawa da rani ruwa iya gwiwa yake zama tarko da kaka ko da zurfinsa bai ƙaru sosai ba. Abin da ya fi kisa kuma shi ne bishiyar da ta faɗi cikin ruwa ko dajin da ruwa ya shanye, domin ruwa yana bi ta tsakanin rassa ya wuce kamar yadda yake bi ta rariya, amma jirgi ko mutum ba ya wucewa, sai turin ya danne shi a jikin reshe ya kuma ja shi ƙasa. Ginshiƙan gada ma haka suke yi. A Oktoban 2022, a Ogbaru ta Jihar Anambra, wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 80 cikin tsananin ambaliya ya kife bayan injinsa ya mutu ruwa ya kwashe shi, mafi yawansu kuma suka rasu, abin da ke nuna cewa jirgi mai inji guda ba tare da filafilai da igiya da abin tokara ba, rayuwar duk wanda ke ciki tana rataye ne a kan wannan injin.

Haɗarin jirgi na Wara a Jihar Kebbi cikin Mayun 2021 da na Fatigi a Jihar Kwara cikin Yunin 2023, waɗanda kowannensu ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, sun sake fito da abubuwan da hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, take ta nanatawa, wato lodi fiye da ƙima, da tsufan katakon jirgi, da tafiyar dare, da rashin rigar ceto. Ga masu zuwa zango matsalar lodi tana da wata fuska, domin kayan kwana da itace da jarkokin mai da na ruwan sha suna sauke jirgi har bakinsa ya kusanci ruwa, kuma sawu biyu da rana ya fi sawu ɗaya da ya cika maƙil. Rigar ceto kuwa amfaninta a jiki yake, a ɗaure, tun kafin a tura jirgi, ba a ƙarƙashin buhu ba. A kan tafkin Kainji akwai ƙarin abu biyu: kututturan bishiyoyin da aka bari a tsaye lokacin da aka cika tafkin, da kuma iskar da ke gabatar hadari daga gabas, wadda saboda faɗin ruwan take tayar da igiya mai tsayi cikin mintuna. Jirgin da aka ɗaure da dare kuma sai a ba igiyarsa sarari, domin gajeriyar igiya takan ja hancinsa ƙasa idan ruwa ya hau, ta bar shi a rataye idan ruwa ya sauka.

Shi kansa kifin da aka fito nema, cikar kogi tana sauya masa rayuwa baki ɗaya. Masana irin su Wolfgang Junk da abokan aikinsa sun bayyana a 1989 cewa arzikin manyan koguna yana fitowa ne daga hawa da saukar ruwa a kan fadama, domin ruwan da ya hau kan ciyawa da kashin dabbobi yana narkar da abinci mai yawa, ƙwari da ƙananan halittu su yawaita, kifi kuma ya bar gadon kogi ya bi ruwan zuwa cikin ciyawa don ya ci ya kuma yi ƙwai. Tarwaɗa takan hau tun da ruwan farko, bargi yana share wuri cikin ciyawa ya yi sheƙa, yauni yana haɗa tasa sheƙar mai yawo a saman ruwa yana gadinta da faɗa, gaiwa kuma, wadda ta kwashe rani a dunƙule cikin busasshiyar laka tana shaƙar iska, sai ta farka ta fito. Sakamakon wannan ga masunci shi ne kifi ya watsu a fili mai faɗin da ya ninka na rani sau da yawa, ga shi a ƙoshe, saboda haka wanda ya jefa fatsa a tsakiyar kogi lokacin da ruwa ke hawa yakan wuni bai ga komai ba. Wuraren da ake dacewa su ne bakin ƙoramu da mashigar fadamu, da bayan dutse ko tsibiri inda ruwa ke juyawa baya ya lafa, da kuma layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, domin kifi yana tsayawa a inda ba zai wahala ba yana jiran abin da guguwar ruwa za ta kawo masa.

Launin ruwa ma yana raba kifaye gida biyu. Giwan ruwa da tsage da ido suke farauta, don haka farin ruwa mai laka yana rage musu kuzari, sai baƙin ruwa ya zo su dawo da ƙarfinsu, alhali tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu da gashin bakinsu suke lalube suna jin ƙanshi, kuma koto mai wari irin su tana da hanjin kaza yana jawo su ko cikin dare. Wannan ya sa ƙugiya mai nauyin da zai riƙe ta a ƙasa da kuma gura, wato tarkon da ake sakawa a mashigi, suka fi taru amfani a lokacin, tun da tarun da aka shimfiɗa cikin ruwa mai gudu tarkace yake tarawa har ya yage ko ya ja jirgi. Mai cire kifi cikin duhu kuma ya kiyayi ƙayar ƙurungu da girgizar minjirya.

Babbar ganima tana zuwa ne da janyewar ruwa, lokacin da fadama ta fara tsanewa kifin da ya yi ƙiba tare da 'ya'yansa suke rububin komawa kogi ta ƙananan mashigai. Ba banza ba ne ake yin bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, a cikin rani bayan an daɗe da hana su a kogin Matan Fada. Wannan hani na gargajiya da dokar zamani manufarsu ɗaya ce, ta barin uwa ta yi ƙwai ɗa kuma ya girma: dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki, jihohin Neja da Kebbi kuma sun haramta dala a tafkin Kainji, wato babban taru mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa yana kwashe har 'yan mitsi-mitsi. Toshe mashigin fadama gaba ɗaya a lokacin hawan ruwa, ko da ba a kama mai yinsa ba, kifin shekara mai zuwa yake ci. Cikin gandun dajin Kainji kuwa su ba ya halatta sai da izini, kuma matsalar tsaro da ta addabi wannan daji a 'yan shekarun nan ta isa ta sa a nemi labari kafin a kusance shi.

Sauran tanadi na lafiya ne. Ruwan cika yana wanke masai da mushe ya zuba cikin kogi, alif kuma laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin amai da gudawa, saboda haka sai an tafasa ko an sa sinadarin kulorin, a kuma riƙe garin gishiri da sukari na ruwan ceto. Tsargiya ana ɗaukar ta ne a ruwa mara zurfi mai ciyawa inda ƙananan dodon koɗi ke zama, wato daidai wurin da ake tsayawa a yi wanka ko a duba gura, sauro kuma a fadamar da ruwa ya kwanta ba a kwana da shi sai da gidan sauro. Dorina, wadda har yanzu akwai ta a yankin Yawuri, tana fitowa kiwo da dare ta hanyar da ta saba, don haka ba a kafa bukka a kan faffaɗan sawun da ya fito daga ruwa. Itacen banda ma sai an zo da busasshe daga gida an rufe shi da leda, domin kifin da aka kama da kaka idan bai ga wuta ko gishiri cikin 'yan sa'o'i ba ya lalace.

Ga wanda ke da zaɓin lokaci, makonnin da ke tsakanin janyewar farin ruwa da isowar baƙin ruwa, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, sun fi sauƙin sha'ani a yankin Yawuri da Kainji, tun da hadari ya ɗauke, hanyoyin mota sun fara bushewa, kifi kuma yana fitowa daga fadama. Baƙin ruwa da ke biyo baya yana da nasa sharuɗɗa: hazon hunturu kan ɓoye gaɓa har matuƙi ya rasa gabas da yamma a tsakiyar tafki, iskar arewa tana tayar da igiya da hantsi, sanyin asuba yana saurin kashe jikin wanda ya jiƙe, kuma yashin da aka kwana a kai cikin Nuwamba yana iya kasancewa ƙarƙashin ruwa cikin Janairu, a ƙarƙashin sararin da ko gajimare babu.